Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Ƙungiyoyin 'Yan Wasa, Daraktoci da Masu Shirya Wasanni, Kan Rashin da Muke Hawa Dandamali da Shi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, iyayenmu da yayyenmu a sana'a, ina gaishe ku da ɗawainiyar jama'a, ina kuma roƙon ku yi haƙuri da tsawon wannan wasiƙa. Na daɗe ina juya maganar a raina, kuma na zaɓi in rubuta ta a fili ne saboda na sha faɗin ta a taruka, a girgiza kai a ce gaskiya ne, sannan a wuce zuwa wani batun ba tare da an rubuta komai ba. Maganar rashi ce, wato mutuwar iyaye da 'ya'ya da 'yan'uwa da abokan zama, da irin karɓar da wannan sana'a tamu take yi wa wanda aka yi wa rashi idan ya dawo bakin aiki, da kuma wanda ba a ba shi damar barin bakin aikin ba ma.

Ni 'yar wasan kwaikwayo ce, na shekara 24 tsakanin dandamali da gaban kyamara. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, makaɗin ganga ne a wata ƙungiyar wasa, kuma ya rasu ina da shekara 14, ya bar mahaifiyarmu da mu biyar, ni ce babba. Bayan wata uku shugaban ƙungiyar ya zo gida ya ce suna neman yarinyar da za ta fito a matsayin ƙanwar amarya, za a riƙa ba ta wani abu duk daren da aka yi wasa. Mahaifiyata ta yi shiru na tsawon lokaci tana kallon gangar mahaifina da ke rataye a bango, sannan ta ce in je. Mutane idan sun ji labarin sukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ni na san abin da ke raina a daren farko, kuɗin makarantar ƙannena ne. Son sana'ar daga baya ya zo, kuma da ya zo ya zauna daram har yau.

Da na girma na fara karanta tarihin manyan 'yan wasa, sai na ga ashe ta wannan ƙofar mutane da yawa suka shigo. Lata Mangeshkar, wadda muryarta ta cika fina-finan Indiya tsawon shekaru sama da 60, tana da shekara 12 a 1942 lokacin da mahaifinta Deenanath, wanda shi ma mawaƙi ne kuma ɗan wasan dandamali, ya rasu ya bar ta da ƙanne huɗu, kuma ta fara fitowa a fina-finai ne domin ta ciyar da gida. Mary Pickford, wadda ta zama ɗaya daga cikin manyan taurarin Amurka na zamanin fim maras magana, ta rasa mahaifinta a 1898 tana ƙaramar yarinya, ta hau dandamali domin ta taimaki mahaifiyarta. Charlie Chaplin kuwa yana da shekara 7 aka kai shi gidan gajiyayyu a Landan, aka raba shi da mahaifiyarsa Hannah wadda daga baya aka kwantar a asibitin masu taɓin hankali, mahaifinsa kuma ya mutu a 1901 bayan giya ta cinye shi. Dukan iyayen nasa biyu 'yan wasa ne.

Abin da nake so ku lura da shi a cikin waɗannan labarai shi ne, ɗan wasa ba shi kaɗai yake zuwa wurin aiki ba. A bayan kowace fuska da kuke gani a fosta akwai uwa mai jiran kuɗin magani, akwai ƙanne a makaranta, akwai marayun wani yaya da ya riga mu gidan gaskiya. Wannan nauyin shi yake sa ɗan wasa ya jure wa abin da wani ba zai jure ba, kuma shi ne yake hana shi cewa a'a a ranar da ya kamata ya ce a'a. Duk wanda ya taɓa shirya wasa ya san haka, kuma wasu daga cikinmu, ko sun sani ko ba su sani ba, a kan wannan raunin suke gina jadawalin aikinsu.

Bari in ba ku nawa labarin, ba zan ambaci sunan kowa ba domin ba cin fuska na zo yi ba. Shekara tara da suka wuce muna ɗaukar wani fim nesa da gida, ina zaune mai kwalliya tana shafa mini hoda, sai wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce, muryarta ba ta fita sosai, ta ce autanmu ya rasu a hatsarin mota da safiyar nan. Shi ne yaron da na fara wasa yana goye, shi ne wanda na biya wa kuɗin makaranta tun daga aji ɗaya har ya gama. Mai kwalliyar ta ajiye abin hannunta ta rungume ni, ni kuwa na kasa ko kuka, ina ta kallon fuskata a madubi, rabi da hoda rabi babu. Darakta ya shigo ya yi mini ta'aziyya da muryar da na yarda ta gaskiya ce, ya ce an tanadi mota za ta kai ni. Sannan ya tsaya a bakin ƙofa ya ce akwai fitowa ɗaya da ta rage a wannan gidan da aka yi haya, wadda a cikinta ake gaya wa matar da nake fitowa a matsayinta cewa ɗanta ya mutu, minti 20 kawai za ta ɗauka, kuma idan na tafi ba za a sake samun gidan ba.

Na yi fitowar. Ba a sake ɗauka sau biyu ba, kuma da aka ce a tsaya babu wanda ya iya ɗaga ido ya dube ni a cikin ɗakin. Minti 20 ɗin nan ya zama awa biyu saboda gyaran fitila da jiran a kashe janareton maƙwabta, hanya kuma ta yi nisa, na isa gida an riga an kai shi makwancinsa. Fim ɗin ya fita, an yabi wannan fitowar fiye da duk abin da na taɓa yi, har aka yanko ta ana yaɗawa a intanet, kuma har yau mutane sukan tare ni su ce ban taɓa yin wasa kamar wannan ba. Gaskiyarsu, domin babu wasa a cikinta ko kaɗan. Mahaifiyata ba ta taɓa kallon fim ɗin ba har ta koma ga Mahaliccinta, ni ma ban taɓa kallo ba.

Na san amsar da wasu za su ba ni, domin tsohuwar amsa ce. Za a ce tun fil azal da baƙin ciki ake gina wasa mai kyau. Akwai labarin da marubucin Rum Aulus Gellius ya kawo na wani ɗan wasan Girka mai suna Polus, wanda zai fito a matsayin Electra tana kuka a kan tulun tokar ɗan'uwanta, sai ya ɗauko tulun da ke ɗauke da tokar ɗansa na cikinsa da ya mutu, ya hau dandamali da shi, gidan wasa ya cika da kuka na gaske. Za a kuma kawo Konstantin Stanislavski na Rasha, wanda ya koyar da cewa ɗan wasa yana iya tono abin da ya taɓa ji a rayuwarsa ya zuba a cikin rawar da aka ba shi, da Lee Strasberg wanda ya mai da wannan hanya ginshiƙin koyarwarsa a Amurka. Duk wannan gaskiya ne, kuma ni kaina ina amfani da shi. Amma ya kamata a tuna cewa ko a cikin almajiran wannan hanya an yi saɓani, domin Stella Adler ta je ta zauna da Stanislavski a Paris a 1934, ta dawo tana koyar da cewa ɗan wasa ya dogara da tunaninsa da yanayin da labari ya shimfiɗa masa, ya bar tonon raunukansa. Sannan a cikin labarin Polus babu wanda ya miƙa masa tulun, shi ya ɗauko da hannunsa, bayan ya gama zaman makokinsa ya ga dama ya dawo aiki.

A nan bambancin yake, kuma a kansa na gina duk abin da nake roƙo. Chaplin ya rasa ɗansa na fari a watan Yulin 1919, jariri mai kwana uku a duniya, kuma cikin 'yan makonni ya fara aikin fim ɗinsa The Kid, labarin jaririn da aka yasar wani matalauci ya tsinta ya rena, har da wurin da hukuma ta zo ta ƙwace yaron za ta kai shi gidan marayu kamar yadda aka yi wa shi Chaplin ɗin. Fela Kuti, bayan da mahaifiyarsa Funmilayo ta rasu a watan Afrilun 1978 sakamakon raunin da ta ji lokacin da sojoji suka afka wa gidansa a 1977, ya zuba fushinsa a cikin waƙa, ya kuma ɗauki akwatin gawa ya kai ƙofar barikin Dodan da ke Legas, mazaunin gwamnatin soja a lokacin. Mawaƙin Birtaniya Eric Clapton ya yi waƙa a kan ɗansa mai shekara 4 da ya faɗo daga dogon bene a New York a 1991, ya rera ta shekaru, sannan a 2004 ya ajiye ta na tsawon lokaci. Kowannensu shi ya zaɓi ranar da zai buɗe ciwonsa da kuma ranar da zai rufe shi, domin kowannensu yana da iko a kan aikinsa. Ƙaramar 'yar wasa da ke jiran a biya ta a ƙarshen mako ba ta da wannan ikon, sai dai idan ƙungiyarta ta ba ta shi a rubuce.

Akwai wanda tarihinsa ya fi kowane tsaya mini a rai, shi ne Giuseppe Verdi na Italiya, mai tsara opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa daga farko har ƙarshe. Ya rasa 'yarsa a 1838, ya rasa ɗansa a 1839, dukansu ba su kai shekara biyu ba, sannan matarsa Margherita ta bi su a watan Yunin 1840 tana da shekara 26. A cikin wannan hali yana ɗaure da kwangilar rubuta wasan barkwanci ga gidan wasa na La Scala da ke Milan. Mutumin da ya binne iyalinsa kaf cikin shekara biyu aka zaunar ya rubuta abin da zai ba mutane dariya. An nuna wasan a watan Satumba na wannan shekarar, 'yan kallo suka yi tir da shi, aka janye shi bayan dare ɗaya, Verdi kuma ya ce ya bar sana'ar. Da ya tsaya a kan wannan magana da duniya ta rasa duk abin da ya rubuta daga wasansa Nabucco na 1842 zuwa ƙarshen rayuwarsa. Ina yawan tunanin su waye muka rasa ta haka, waɗanda aka tilasta wa aiki cikin makoki, aikin ya lalace, aka ce sun gaza, suka tafi ba su dawo ba, kuma babu wanda ya rubuta tarihinsu.

Verdi bai manta ba. A ƙarshen rayuwarsa ya gina gida a Milan da kuɗinsa domin tsofaffin mawaƙa da makaɗa waɗanda ƙarfinsu ya ƙare ba su da mai riƙe su, ya yi wasiyya da wani kaso na kuɗin haƙƙin mallakar ayyukansa domin gudanar da shi, ya kuma nemi kada a buɗe sai bayan ransa. Ya rasu a 1901, aka buɗe gidan a 1902, a can aka binne shi, kuma har yau akwai tsofaffin mawaƙa a cikinsa. Haka ita ma Mary Pickford, marainiyar da na ambata ɗazu, tana cikin waɗanda suka kafa asusun taimakon ma'aikatan fim a Amurka a 1921, kuma a 1932 ta jagoranci tsarin da ake cire rabin kashi ɗaya cikin 100 daga albashin masu samu ana zubawa a asusun. Wannan kaso ƙarami ne ƙwarai, amma saboda ana cire shi kullum ba sai an yi mutuwa ba, ya riƙe mutane da yawa. Mu kuwa a wurare da yawa sai an yi rashi ake buɗe gidauniya a Facebook da WhatsApp, a sanya hoton marayu, a tara abin da aka tara cikin mako guda, bayan wata biyu ba a ƙara jin labarinsu.

Don haka abu na farko da nake roƙo shi ne a sanya hutun makoki a cikin kowace kwangila da ƙungiya ta amince da ita, a rubuta adadin kwanaki, a rubuta cewa daga lokacin da labari ya iso ɗan wasa ya fita daga hannun darakta, ba za a roƙe shi fitowa ɗaya ba balle biyu, kuma ba za a zare masa ladan abin da ya riga ya yi ba. Na ce ko roƙo kada a yi, domin roƙon mai biyanka a irin wannan sa'a umarni ne. Na san masu shirya wasa za su ce asara fa, kuɗin haya da na ma'aikata da na kayan aiki wa zai biya? Tambaya ce ta gaskiya, mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo, kuma ba na raina ta. Amma manyan gidajen wasa sun daɗe da warware rabinta ta hanyar ajiye wanda ya haddace rawar babban ɗan wasa yana jiran ko-ta-kwana, kamfanonin fim kuma suna sayen inshorar da ke biyan asarar da aka yi idan wani babban ɗan wasa ya kasa ci gaba. Inda ƙarfi bai kai ga inshora ba, asusun ƙungiya zai iya ɗaukar wani sashe na asarar, muddin ana zuba masa kullum. Wannan aikinku ne, shugabanni, domin mutum ɗaya ba zai iya ba.

Ina so kuma ku dubi waɗanda sana'a ta nisanta da gida. Mawaƙiya Miriam Makeba ta bar Afirka ta Kudu a 1959, da mahaifiyarta ta rasu a 1960 ta nemi komawa jana'iza sai ta tarar gwamnatin wariyar launin fata ta soke fasfonta, kuma ba ta sake taka ƙasarta ba sai a 1990. A tsakanin nan 'yarta tilo, Bongi, ta rasu a ƙasar Gini a 1985. Nata zaluncin gwamnati ne, amma ciwon rashin ganin gawar uwa iri ɗaya ne ko fasfo ne ya hana ko jadawalin yawon wasa. Duk ƙungiyar da za ta ɗauki mutane ta yi nisa da su ya kamata ta ajiye kuɗin komawar gaggawa tun kafin mota ta tashi.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba, domin iyali ba kullum suke zama inuwa ba. Yaron da ya fito tare da Chaplin a fim ɗin The Kid, Jackie Coogan, ya tara miliyoyin daloli yana ƙarami. Mahaifinsa ya mutu a hatsarin mota a 1935, 'yan watanni kafin yaron ya cika shekara 21, da ya nemi dukiyarsa sai ya tarar mahaifiyarsa da sabon mijinta sun cinye kusan duka. Ya kai su kotu a 1938, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba, amma shari'ar ta sa jihar Kalifoniya ta yi doka a 1939, kuma a yau dokar ta wajabta a ajiye kashi 15 cikin 100 na abin da yaro ɗan wasa ya samu a asusun da ba mai taɓawa sai ya girma. Ni mahaifiyata ba ta ci sisina ba, duk abin da na kawo a kan ƙannena ya ƙare, amma na ga yaran da mutuwar uba ta mai da su jarin dangi, ana ɗauke su daga aji ana kai su wurin ɗaukar fim, suka girma babu karatu babu ajiya. Ba sai mun jira majalisa ba, ƙungiya tana iya hana membobinta ɗaukar yaro sai da irin wannan sharaɗi.

Haka nan batun magada. Idan ɗan wasa ko mawaƙi ya rasu, aikinsa ba ya rasuwa, ana ci gaba da haska fim ɗinsa a talabijin, ana sauraron waƙarsa a YouTube, kuma sau da yawa a makon mutuwarsa ne kallon yake ninkawa. Kuɗin yana shiga wani wuri, amma matarsa ba ta san ko da wa ya yi yarjejeniya ba, domin da baki aka yi. Muryar gangar mahaifina tana cikin faya-fayen da aka ci gaba da sayarwa shekaru bayan rasuwarsa, ba mu taɓa ganin komai ba, ba don mugunta ba ma, sai don babu takardar da ta nuna yana da kaso. Ina roƙon kowace ƙungiya ta buɗe kundi, kowane memba ya rubuta ayyukansa da kasonsa da sunan wanda za a nema idan ta Allah ta kasance, a kuma sanya mutum ɗaya wanda aikinsa ke nan, ya je gidan mamaci da takardu a hannu.

Sai kuma maganar da ta fi wuyar rubutawa a kwangila, wato ladabin da ake yi wa mai makoki. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma mu fuskarmu horarriya ce, mun koyi murmushi a kan umarni, don haka kada ku ga ɗan wasa ya dawo yana dariya a gaban kyamara ku ɗauka ya warke. Kada a kai masa na'urar ɗaukar magana a ƙofar gidan rasuwa, kada a sa labarin mutuwar ɗansa a cikin tallar fim, kada kuma a ba shi rawar da ta yi kama da abin da ya same shi sai idan shi ya nema. Idan ya nema a ba shi, domin ga wasunmu aikin ne magani, ni kaina bayan wata huɗu dandamali ne ya fara mai do mini da barci. Amma shi za a bari ya faɗi lokacin.

Daraktan da na ba ku labarinsa ya neme ni bayan shekara uku, lokacin da shi ma ya rasa matarsa, ya nemi gafarata yana kuka, na kuma yafe masa har zuciyata. Ya ce mini a ranar nan da akwai wata doka da ta ɗaure hannunsa da ya fi kowa farin ciki, domin mai kuɗin fim yana kiransa a waya, ma'aikata 30 suna jiransa, kuma babu abin da zai nuna ya ce ga dalilin da ya sa ya tashi aiki. Saboda shi da ni duka nake wannan roƙo. Na rubuta daftarin sharaɗin hutun makoki, bai wuce shafi ɗaya ba, zan kawo shi babban taro mai zuwa tare da sa hannun duk wanda ya yarda, kuma ina roƙon ku sa shi a cikin jerin abubuwan da za a tattauna, a farkon zama kafin mutane su fara watsewa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba ku ikon riƙe amanar da ke wuyanku.

Wassalam,
'Yarku kuma ƙanwarku a sana'a.